Tsimin Makamashi da Dokokin Muhalli a Masana'antun Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu masana'antu, da injiniyoyin da ke kula musu da injina, da mazauna unguwannin da ke maƙwabtaka da rukunan masana'antu na Bompai, Sharada da Challawa. A takarda gwamnati ta raba maganar gida biyu, makamashi da ofisoshinsa, muhalli da nasa. A cikin masana'anta kuwa wuri uku suke haɗuwa: ɗakin janareto, ɗakin boila da bakin magudanar ruwa.

Malam, ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuɗin dizal ne. Me ya haɗa shi da maganar muhalli?

Lita ɗaya ce, Alhaji, ita kake biya kuma ita ke zama hayaƙi. Duk litar dizal da aka ƙona tana sakin iskar kabon kimanin kilo 2.7, ban da baƙin hayaƙin da ido ke gani. Janareto mai lafiya yana ba da yunit uku zuwa uku da rabi na lantarki daga kowace lita, wato kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin man zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto ba tare da ya juya ko fanka ba.

A ce masana'antarka tana shan lita 1,000 a rana. Idan ka rage kashi 10 cikin 100, ka tsira da kuɗin lita 100 kullum, sararin sama kuma ya huta da kilo 270 na kabon. Akawunka zai rubuta wannan a matsayin riba, jami'in muhalli zai rubuta shi a matsayin rage gurɓata iska. Saboda haka ne ake cewa manufofin biyu suna tafiya tare. Gaskiya ne a mafi yawan hanya, amma akwai mararrabar da suke rabuwa, za mu zo kanta.

Waɗanne manufofi da dokoki ne ake nufi?

Ɓangaren muhalli ya fi haƙora. A 1988 aka gano an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu ke jihar Delta. Abin kunyar ne ya haifi hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a wannan shekara. A 1992 aka yi dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wadda ta wajabta wa babban aiki ya yi nazari kafin a haƙa tushe. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sannan a 2007 aka kafa NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli. Ita ce ta fitar da ƙa'idoji na ɓangare-ɓangare, ciki har da na masaƙu da majemu da na masana'antun abinci da abin sha a 2009, da na ingancin iska a 2014.

A ɓangaren makamashi akwai Hukumar Makamashi ta Ƙasa, wadda dokarta ta 1979 ce, da Manufar Makamashi ta Ƙasa ta 2003. A 2015 aka amince da manufa ta musamman kan makamashi mai sabuntuwa da tsimin makamashi, tsarin aiwatar da ita ya biyo baya a 2016.

Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne maganar sauyin yanayi. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Paris, kuma a 2021 ta yi alƙawarin rage hayaƙinta da kashi 20 cikin 100 da ƙarfin kanta nan da 2030, ko kashi 47 idan ta samu tallafin waje. A watan Nuwamba na shekarar, a taron Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce ƙasar za ta daidaita kabon ɗin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060, kuma a watan ya sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi. Tsarin sauya makamashi ya fito a watan Agustan 2022.

Me ya sa ba ofis ɗaya ke kula da duka ba?

Tarihi ne ya gadar. Hukumar NERC ke tsara farashin wuta da ba da izini, kamfanin KEDCO ke rarraba ta a Kano, Katsina da Jigawa, hukumar SON ke sa mizanin kayan lantarki, NESREA ke duba hayaƙi da dagwalo, Ma'aikatar Muhalli ta jiha ita ma tana da jami'anta, REMASAB kuma na kan shara. Kowa da takardarsa, kowa da ranar zuwansa. Illar wannan a fili take: wanda ya zo auna ruwan magudana ba ya tambayar yunit nawa injin tace ruwan ya ci a watan nan, alhali wannan lamba ɗaya ta isa ta tona ko injin yana aiki ko ado ne.

Akwai dokar da ta tilasta mini rage amfani da wuta ko mai?

Kai-tsaye, a ce kowace masana'anta ta rage kaza a shekara ko a ci ta tara, ba haka tsarin yake tafiya ba. Manufar 2015 shiriya ce da buri, ba sanda ba. Amma tilas yana shigowa ta ƙofar muhalli. Ƙa'idojin NESREA sun sa iyaka kan abin da zai fita ta bututun hayaƙi da magudana, sun nemi a yi binciken muhalli na masana'anta duk shekara uku, sun kuma ginu a kan cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. Boilar da ke aman baƙin hayaƙi tana karya ƙa'ida, kuma baƙin hayaƙin nan mai ne da bai ƙone ba. Ranar da ka gyara ta don ka wuce awo, ranar ta fara cin mai kaɗan.

Akwai kuma wani sashe na Dokar Sauyin Yanayi da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Duk kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 50 ko fiye, dokar ta ce ya ɗauki matakan rage kabon, ya kuma naɗa jami'in da zai riƙa ba da rahoto duk shekara. Manyan masana'antun Challawa da Bompai da yawa sun wuce wannan adadi. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma rubutun yana nan.

To idan babu sanda, me ke sa masu masana'antu suke ta maganar tsimi yanzu?

Farashi. Shi ne jami'in da ba ya karɓar uzuri. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin sufuri da kayan gyara suka tashi, dizal ya haura naira 1,000 a lita. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wutar rukunin A, masu alƙawarin awa 20 a rana, daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a sassauta kaɗan. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, wadda ke da rassa a Bompai da Sharada, ta yi ta kuka har magana ta kai kotu.

Abin da takardun Abuja suka yi shekaru suna roƙo, bil ɗin wata ɗaya ya yi shi. Sai dai tsimin da tsada ta haifar makaho ne: bai san tsabta ba, arha kawai ya sani. Yana iya kai mutum ga sola, yana kuma iya kai shi ga ƙona tsofaffin tayoyi. Nan ne aikin dokar muhalli yake, ta toshe muguwar hanyar ta bar mai kyau a buɗe.

Tsakanin wutar layi da janareto, wanne ya fi illa ga iska?

Janareto, nesa ba kusa ba. Wutar babban layin ƙasa, wajen kashi uku cikin huɗu daga tashoshin iskar gas take fitowa, sauran daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Yunit ɗaya daga janareton dizal yana ɗauke da kabon kimanin gram 800, na layi kuwa kusan rabin haka. Ga ƙara, ga hayaƙi a hancin ma'aikata da maƙwabta. A kuɗi ma haka: idan lita tana kan naira 1,200, yunit ɗaya na janareto ya doshi naira 350 zuwa 400 kafin a sa kuɗin sabis da man juye.

Wannan ya sa nake ganin babbar manufar muhalli da za a yi wa masana'antun Kano ita ce wuta tsayayya. Kano tana can ƙarshen layi, nesa da tashoshin gas na kudu. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro, birnin da akasarin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu, duk masana'antar da ta yi aiki a lokacin da dizal ta yi. Ɗauke wuta yana da wata asarar da mita ba ta nunawa: injin narka roba da ya tsaya a tsakiyar aiki sai robar ta daskare a cikinsa, a sake dumama shi daga farko, a zubar da abin da ya lalace. An biya wuta sau biyu, an kuma ƙara shara.

Daga ina ya kamata in fara?

Daga awo. Yawancin masana'antu sun san jimlar abin da suke kashewa a wata, amma ba su san yunit nawa ko lita nawa tan ɗaya na kayansu ke ci ba. Wannan lamba ita ce uwa. A sa ƙaramar mita a kan kowane babban inji, a ajiye littafi a ɗakin janareto, kowane kamu na aiki a rubuta mai da awa da nauyin da injin ya ɗauka.

Bayan haka ka zaga masana'antar ranar Lahadi ko lokacin da aka tafi Masallacin Juma'a, sa'ad da injina suka yi shiru amma kwamfiresa na kunne. Za ka ji "sss" daga mahaɗar bututun iska, nan da can, wani wurin an naɗe shi da tsumma da roba. Kowace huda moto ce ke juyawa a banza dare da rana. A masana'antar da ba a kula, kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kan tafi ta haka. Shiga ɗakin boila: idan ka ga ma'aikaci ya shanya jiƙaƙƙiyar rigarsa a kan bututun tururi tana bushewa nan take, bututun tsirara yake, yana dumama ɗaki da man da ka saya. Duba ruwan zafin da ke dawowa bayan tururi ya huce. Idan kwata yake bi, to kana zubar da ruwan da ka riga ka tace ka dafa, kana ɗebo mai sanyi daga burtsatse kana farawa daga tushe.

Sai motoci masu juya injina, waɗanda su ne ke cin kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin masana'antu. Motar da aka sake naɗa wa waya sau uku ko huɗu a bakin titi ba ta koma yadda take, tana ƙara cin wuta tana zafi. Da yawa kuma sun fi ƙarfin aikin da aka ɗora musu, don an saye su da tunanin "gara babba". Janareto ma haka: babban injin da ke ɗauke da ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa yana shan mai fiye da kima, yana tara baƙi a salansa. Ƙaramin janareto na dare, lokacin da fitilu da famfo kaɗai ke aiki, kan biya kuɗinsa da wuri.

Duk waɗannan ba sa buƙatar rancen banki. Wanda yake son tsari a rubuce, akwai mizanin ISO 50001 na kula da makamashi da ISO 14001 na muhalli, kuma an gina su yadda za a iya tafiyar da su tare.

Mu masu casar shinkafa muna ƙona ɓuntu a boila. Wannan tsimi ne ko gurɓatawa?

Ya danganta da boilar. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, kuma a da tsibi ake yi da shi a bayan gari a cinna masa wuta ya yi ta cin kansa. Mayar da shi man turara shinkafa dabara ce mai kyau ta kowace fuska, ya maye gurbin baƙin mai, ya rage shara. Matsalar tokarsa ce. Tana da yawa, ba ta da nauyi, kuma idan babu na'urar da ke kama ta kafin bakin bututu, a kan shanyar matan unguwa da cikin randunansu take sauka. Boilar da aka daidaita iskarta, aka sa mata matarar toka, aka kuma ɗaga bututunta yadda ya kamata, ta cika manufofin biyu. Wadda ba a yi wa haka ba ta cika ɗaya ta karya ɗaya.

Ka ce akwai mararrabar da manufofin ke rabuwa. Ina ne?

A bakin magudana, kuma babu inda ya fi nuna haka kamar majemun zamani. Kano garin fata ce tun kafin zuwan Turawa, kuma har yau a nan akasarin manyan majemun ƙasar suke. Jimar zamani tana cin gishiri, da farar ƙasa, da sinadarin salfaid mai cire gashi, wanda shi ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, da kuma kurom, wanda ke ba fata launin shuɗi-shuɗi. Ruwan Bompai yana bin Getsi ya shiga Jakara har madatsar Wasai, na Sharada yana bin Salanta, shi da na Challawa su ƙare a kogin Challawa. A gefen waɗannan ruwaye ake noman rani na latas, alayyahu da kabeji da ke shigowa kasuwannin birni, kuma masu bincike a Jami'ar Bayero sun sha auna ƙasa da ganyen wuraren suna samun ƙarafa masu illa.

Doka ta ce a tace ruwa kafin a sake shi. To tacewar nan wuta take ci, ba kaɗan ba. Zuciyar matatar ita ce kududdufin da ake hura wa iska dare da rana don ƙananan halittun da ke cinye dattin su rayu, kuma injinan hura iskar su ne suka fi komai cin lantarki a wurin. Ka duba halin da manaja ke ciki ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, janareto na shan dizal, an kuma ce masa ya rage kashe kuɗi. Injin da zai fara kashewa shi ne wanda ba ya fitar da kayan sayarwa. Idan aka yi ta haka halittun sai su mutu, kududdufin ya koma tafkin wari, kuma farfaɗo da shi sai an yi makonni. A littafin akawu an yi tsimin makamashi. A kogi an yi ɓarna.

Mafitar da na fi yarda da ita ba ta fara daga matata ba, daga cikin ganga take farawa. A jimar da aka saba, fata tana shan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ne kawai na kurom ɗin da aka zuba, sauran yana bin ruwa. Idan aka ware wannan ruwa daban, ana iya kwantar da kurom ɗin da sinadari, a tace shi, a narkar, a mayar cikin ganga. An rage sayen sinadarin da ake shigowa da shi da dala, an rage gubar da matata za ta yi fama da ita. Ware ruwan salfaid daga ruwan asid shi ma wajibi ne, domin haɗuwarsu na tayar da iskar da ke kashe mutum a cikin rami cikin mintuna. Kakkaɓe gishiri daga ƙiraga kafin a jiƙa su, cire gashi ba tare da narkar da shi ba, auna ruwa da mita maimakon a buɗe famfo a tafi hira, duk suna rage abin da zai isa matata. Ƙaramin datti, ƙaramar iska, ƙaramar wuta.

Sauran kuɗin kuma daga tsimin da aka yi a boila da kwamfiresa ya kamata ya fito. Mai masana'antar da ya rage dizal a gaba, ya zuba rarar duka a aljihu, ya bar matata a kashe a baya, rabin aikin ya yi. An daɗe ana maganar matata ta haɗin gwiwa ga kowane rukunin masana'antu, kuma a lissafi ita ta fi, domin babba ɗaya ta fi ƙanana ashirin sauƙin wuta. Amma ita ma sai an amsa tambaya biyu tun kafin a aza bulo: wa zai biya kuɗin wutarta duk wata, kuma me za ta yi idan aka ɗauke?

Wasu sun koma itace da tsofaffin tayoyi da man juye don dumama boila da murhu. Ba tsimi ba ne?

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Itacen da ke shigowa Kano a tirela daga dazukan da hamada ke ci ne, a yankin da gwamnati ke kashe kuɗi tana dasa Babbar Ganuwar Bishiyoyi. Taya da man juye kuwa hayaƙinsu ɗauke yake da gubar da ke zama a huhu. Kuɗin da mai gidan burodi ko mai narka ƙarfe ya rage, iyayen yaran unguwa ne ke biyansa a kemis. Ƙa'idojin muhalli sun hana irin wannan ƙone-ƙone.

Sola za ta iya riƙe masana'anta?

Da rana za ta ɗauki kaso mai tsoka, kuma Kano na cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a ƙasar. Misalai suna nan a gida: tashar megawat 10 da ke Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023, da ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, da wadda aka sa wa shagunan kasuwar Sabon Gari. Ga masana'anta, tsarin da ya fi ma'ana shi ne faifan sola a kan rufi suna aiki tare da layi da janareto, suna rage dizal daga hantsi zuwa la'asar. Riƙe manyan injina da batir cikin dare har yanzu da tsada.

Abu biyu a kiyaye. Ƙurar hunturu tana rufe faifai ta rage musu ƙarfi sosai, don haka wanki da ruwansa su shiga lissafi. Na biyu, batir mai dalma idan ya mutu kada a miƙa wa masu fasa shi a bayan gida. Arewa ta ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Sannan a yi tsimi kafin a sayi sola, don kada a sayi faifan da za su ciyar da hudar kwamfiresa.

Bututun gas na AKK zai warware matsalar?

Zai sauya lissafi ƙwarai idan gas ya fara gudana. Bututun mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano an ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, an kuma sha ɗaga ranar kammala shi. Gas ya fi dizal da baƙin mai tsabta, kusan babu toka ko baƙin hayaƙi, kabon ɗinsa ma ya fi ƙanƙanta, shi ya sa tsarin sauya makamashi na ƙasa ya ɗauke shi a matsayin gada. Ribarsa mafi girma ga mai buƙatar tururi ita ce inji ɗaya ya ba da lantarki, zafin salansarsa kuma ya dafa ruwa, maimakon a ƙona mai sau biyu. Amma isowar babban bututu bakin gari daban, isowarsa ƙofar masana'antarka a Sharada daban. Kafin nan wasu na sayen gas da ake kawowa a tankoki. Duk mai shirin sayen sabuwar boila ko janareto yau, ya nemi wanda za a iya juya shi zuwa gas.

Ni ƙaramin wuri nake da shi a Dakata, injin markaɗa roba biyu da yara takwas. Duk wannan ya shafe ni?

Sharaɗin ma'aikata 50 bai kai kanka ba, amma hana zubar da dagwalo a kwata da ƙona shara ya shafi kowa. Sana'arka ma a kan kanta tsimi ce, domin sarrafa tsohuwar roba ya fi yin sabuwa sauƙin makamashi nesa. Ka wasa wuƙaƙen injin a kan kari, dakusasshiyar wuƙa wuta take sha. Ka naɗe wurin dumama injin narkawa da abin riƙe zafi. Ka haƙa rami biyu ko uku a jere don ruwan wankin roba ya kwanta ka sake amfani da shi. Abin da ba ya narkuwa kada ka cinna masa wuta da magariba, maƙwabta sun san daga inda warin ke zuwa.

Ina za a samu kuɗin manyan gyare-gyare?

Nan ne manufofin suka fi rauni. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa sama da kashi 27 cikin 100, na bankunan kasuwanci ya fi haka, kuma ba kowane ɗan kasuwar Kano ne ma zai karɓi rance mai ruwa ba. Bankin Masana'antu yana ba da rance mai sauƙi, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, akwai kuma kamfanonin sola da ke kafa kayan da kuɗinsu kana biyan yunit ɗin da ka sha. Shirye-shiryen da hukumar GIZ ta Jamus da hukumar UNIDO ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tallafa sun horar da masu binciken makamashi a ƙasar, ofishin MAN na yankinka ne wurin tambaya.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ƙara wani abu?

Ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, ta kuma ƙarfafa makamashi mai sabuntuwa. Ga Kano, wannan ƙofa ce ta haɗa wutar madatsar Tiga da sola da gas a keɓe wa rukunin masana'antu. Ka tuna kuma, mai samar wa kansa wutar da ta wuce megawat 1 yana buƙatar izinin hukumar da ke kula da lantarki.

Masu sayen kayanmu a ƙasashen waje suna duba waɗannan abubuwa?

Suna dubawa, kuma sun fi jami'an gida tsanani, don su oda kawai suke sokewa. Manyan kamfanonin takalma da jaka na Turai kan nemi shaidar ƙungiyar Leather Working Group, wadda bincikenta ke haɗa wuta, ruwa, sinadarai da dagwalo a takarda ɗaya. Tarayyar Turai ta fara tsarin harajin kabon a kan iyaka a watan Oktoban 2023, a kan siminti, ƙarfe, alminiyam, takin zamani da makamantansu. Fata ba ta cikin jerin, amma tambayar yunit nawa murabba'in ƙafa ɗaya na fata ya ci ta riga ta shiga takardun ciniki.

Idan jami'an duba muhalli suka zo, me za su nema?

Takardar amincewa da nazarin tasirin muhalli idan masana'antar na cikin waɗanda dokar 1992 ta shafa, rahoton binciken muhalli na shekara uku da bai ƙare ba, izinin sakin hayaƙi da ruwa, da sakamakon awon da ɗakin gwaji mai rajista ya yi. Za su so ganin inda laka da tokar boila da man juye ke tafiya, da wanda ke kwashe su. Ka nemi katin shaidar duk wanda ya zo, kuma duk kuɗin da za a biya ya bi ta hanyar hukuma da rasiti. Ka haɗa littafin dizal da karatun mitar matata a fayil ɗin, domin su ne shaidar cewa injinan hura iska sun kwana suna aiki.